Anti Mai Kujera

A asibitinmu ba wanda ke kiran ta da sunanta. Anti Mai Kujera muke ce mata, saboda wata gajeriyar kujerar roba da take yawo da ita daga gado zuwa gado. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ita kuwa jami'ar walwala, mai kula da majinyatan da 'yan'uwa suka kawo suka zame.

Ilimin zamantakewa ta karanta a jami'a. Ta ce har mahaifinta ya rasu bai gane wannan karatu ba. Idan an tambaye shi sai ya ce 'yarsa ta tafi koyon zama da mutane, abin da uwarta ta iya kyauta. Cikin 'yan ajinsu wasu sun shiga ofishin ƙidaya, wasu ƙungiyoyin agaji, ɗaya yana aiki da fursunoni. Ita ta zaɓi ɗakin tsofaffi.

Abu ɗaya ta riƙe daga wani malaminsu: ka zauna ƙasa da mai magana, in ya yi shiru kada ka cike masa shirun. Haka take yi. Tsohuwar da ta yi kwanaki tana hararar bango sai ka ji ta fara zuba, har sunan ɗanta da unguwarsa sun fito. Ni da bakina ba ya hutawa, abin haushi yake ba ni.

Matsalar ita ce ta kai wannan hali gida. Ba ta da miji, ba ta da ɗa, amma ƙanne da 'ya'yansu kowa wurinta yake sauke kayansa ya tafi sakayau.

Da likita ya ga ƙari a cikinta ya sa ranar tiyata, na matsa mata ta gaya wa wani nata. Ta kira ƙanenta ofis, ina nan ina haɗa magani. Ta ba shi babbar kujera, ita ta hau ta robar, ta yi shiru tana neman bakin zaren. Shi kuwa ya ga shirun da ya saba, ya shiga labarin ɗansa da ya bar makaranta. Ya gama, ya miƙe.

"Yaya, kullum na zo wurinki sai in ji sauƙi."

Ta raka shi har bakin ƙofa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ita kuwa ta ce za ta gaya masa wani lokacin.

Ranar da aka kwantar da ita, lokacin ziyara ya yi, kowane gado da mutanensa, nata ba kowa. Sai ga wata tsohuwa mai karayar ƙugu, wadda Anti ta nemi 'ya'yanta amma ba su zo ba, tana dogara sanda tana jan kujerar robar nan. Ta ajiye ta a gefen gadon, ta zauna da ƙyar, ta kame bakinta.

Anti ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce, "Iya, ya jikin naki?"

"Ba ni ce a kan gado ba yau, 'yata."

Shiru ya yi tsawo, tsohuwar ba ta cike shi ba.

"Tsoro nake ji," in ji Anti.

Na ja musu labule, na koma bakin aikina.