Ɓerayen Baba da Turarena

Wallahi ban taɓa son su ba, gara in faɗa tun farko. Ɓera ɓera ne, ko da a kanti aka saye shi aka ce sunansa jarbil.

Da muke unguwar Nakkasa a nan Makka, Baba yana da tattabaru a saman gida. Da aka rushe unguwar muka koma gidan haya a Kudai, hawa na uku, sai ya rabar da su. Daga nan ya kwanta ya juya wa duniya baya. Ba ya cewa komai na masa ciwo, amma abinci sai na yi ta lallashi, masallaci ma ya daina zuwa.

'Yata ce ta shigo wata rana da keji, ciki da wasu ƙananan ɓeraye biyu masu launin ƙasa da doguwar wutsiya. Na ce, "Ke, kin haukace? A gidana?" Ta ce min da Larabcinta wai na kakanta ne.

Ikon Allah, Baba ya tashi! Shi ke zuba musu garin katako, shi ke tankaɗe yashin da suke birgima a ciki, yana yayyaga musu kwalin ƙwai su ci. Hira yake musu da Hausa zalla, wadda jikokinsa ba sa amsa masa da ita. Ya koma cin tuwo, ya koma sallah a masallaci.

Ni kuwa shara ta ishe ni. Tono suke yi ba hutu, garin katako har cikin kafet, har bakin ƙofar kicin. Ga wani ɗan wari, kamar na buhun da ya jiƙa. Yanzu na san bai kai yadda nake kururutawa ba. In na ce a juye garin gaba ɗaya a wanke kejin, sai Baba ya ce, "Haba uwata, a bar musu kaɗan. In ba su ji warin gidansu ba, ruɗewa suke." Uwata yake ce min, don sunan mahaifiyarsa na ci. Sai in yi tsaki in fita.

Ranar da abin ya faru, ƙanwar mijina ce za ta zo gaisuwa da ƙawayenta, sun zo Umra daga Kano. Na san bakinta. Na ce ina, ba za a koma gida a ce matar yayanta na zaune a Makka gidanta na warin ɓera ba. Baba ya tafi La'asar, kuma ba ya dawowa sai ya yi Magariba. Na cika kasko da garwashi, na zuba turaren wuta ba tausayi, na ajiye a ɗakinsa dab da kejin. Na kashe na'urar sanyi, na rufe taga, na ja ƙofa, don ƙamshin ya kama labule. Haka muke yi wa kowane ɗaki. Ko sau ɗaya ban tuna cewa akwai masu numfashi a ciki ba.

Baƙi suka zo, aka sha shayi, aka yi dariya. Ƙanwar mijina ta ce, "Masha Allah Yaya, gidanki sai ƙamshi." Na ji daɗi har raina.

Bayan sun tafi Baba ya dawo, ya buɗe ɗakinsa, hayaƙi ya fito. Na bi shi. Suna kwance a kusurwa, ɗaya kan ɗaya, ba motsi. Ya sa hannu ya ɗauko su, ya daɗe yana hura musu iska da bakinsa. Na durƙusa ina kuka, ina cewa, "Baba ka yafe min, ban sani ba."

Bai yi faɗa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya naɗe su a hankicinsa, ya ce, "Ba komai uwata. Ai yanzu ba wari."

'Yata ta ce za ta sayo wasu, ya ce a bari. Ya koma gadonsa, ya juya fuska bango, kamar farkon zuwanmu. Bai kai azumi ba ya rasu.

Kejin na nan a ɗakinsa, ban juye garin ba, ban bari kowa ya taɓa ba. Zuciyata ta ƙi yafe min. Wani lokaci nakan buɗe murfin in sunkuya, ko zan ji warin nan da na tsana, amma turarena kawai nake ji.