Takardar da Na Rubuta wa Garinmu

Garinmu yana kan jigawa ne, tsakanin Sule Tankarkar da Ɗanzomo, can ciki inda mota ba ta bi. Ƙasarmu duk shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka ɗan tudun yashin da kakanninmu suka zaɓa ya isa a riƙa ce mana mutanen sama. Rijiya kuwa tana ƙasa, a gindin tudun. Mata kan sauka da tulu su hawo da shi a ka, ƙafa tana nutsewa cikin yashi.

A shekarun saba'in, bayan babban farin nan da ya cinye dabbobi, ni kaɗai ne ɗan garin da ya gama makarantar horon malamai. Aka ba ni aji a wata firamare a Gumel. Na sayi keke da agogon hannu, na ɗinka wando mai faɗin ƙafa irin na samarin lokacin. Duk Asabar nakan je gida, in na iso gindin tudun sai in sauka in tura keken, ina gumi ina tsaki. In abokan aikina suka tambayi garinmu, sai in ce wajen Sule Tankarkar ne, in yi maza in kawo wata magana.

A ranin wata shekara ruwan rijiyar ya ja baya, bakinta kuma ya fara zubewa. Mai gari, wanda abokin mahaifina ne tun suna yara, ya sa aka kira ni.

Ya ce, "Malam, ka rubuta wa hukuma a madadinmu. Ka ce muna roƙo a ƙara wa rijiyarmu zurfi, a ɗaure ta da siminti. Iyakar buƙatarmu ke nan."

Na ce, "An gama, ranka ya daɗe."

A ɗakina na Gumel na rubuta ta, da Turanci, ƙamus a gefena. Gaskiyar magana, ba rijiyar ce a gabana ba. So nake wanda zai karanta ya san cewa marubucin ba irin mutanen da yake magana a kansu ba ne. Na rubuta cewa mutanen garin suna zaune kamar dabbobi, suna shan ruwa wuri ɗaya da jakunansu. Na ce jahilci ne kawai ya riƙe su a kan wannan tudu, babu mai hankalin da zai zaɓi zama a can. A ƙarshe na ba da shawara, wadda ba wanda ya aike ni da ita, cewa abin da ya fi shi ne a tashe su a mai da su bakin hanya. Maganar rijiya layi biyu ta samu.

Da na kai masa, mai gari ya jujjuya takardar yana murmushi, ya sa hannu da ajami a inda na nuna masa.

"Ka faɗa musu duka?"

"Duka, ranka ya daɗe."

Bai ce in karanta masa ba. Ya amince da ni.

Farkon damina, muna cikin hutu, sai ga wani ma'aikacin hukuma daga Gumel. Motarsa ta kafe a yashi, ya baro ta a ƙasa ya hawo da ƙafa. Dattijo ne mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Aka shimfiɗa masa tabarma a gindin kanyar ƙofar gidan mai gari, aka kawo fura. Magidanta suka taru, mahaifina na cikinsu. Mata suna bayan zana suna saurare. Ni kuwa na zauna kusa da baƙon, ina gyara agogona.

Bayan gaisuwa ya fito da takardar, ya ce, "To, na zo ne in ji daga bakinku. Yaushe kuke son a tashe ku?"

Mai gari ya ce, "A tashe mu? Zuwa ina?"

"Bakin hanya. Haka takardarku ta nema."

Mutane suka fara kallon juna. Mai gari bai dube ni ba. Ya ce, "Yallaɓai, mu ba mu jin Turanci. Ka taimaka ka karanta mana ita da Hausa, tun daga farko."

Mutumin ya juyo ya kalle ni. Na ga a fuskarsa cewa ya gane abin da ya faru, kuma ba ya so. Ya ce ai doguwa ce. Mai gari ya ce ba inda za su, su manoma ne, sun iya jira. Sai ya karanta. Bai ƙara ba, bai rage ba. Da ya zo wurin dabbobi ya sassauta murya, amma wurin ya yi tsit ƙwarai, har matan da ke bayan zana sun ji. Na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ina godiya.

Ba wanda ya zage ni. Mai gari ya miƙe, ya ɗauki sandarsa, ya ce wa baƙon, "Taso in nuna maka abin da muke zaune a kai." Baƙon ya taɓa kafaɗata ya ce, "Malam, taho." Dole na bi su.

Ya kai mu gabashin gari, inda tudun ya fi tsawo, bayan rumbuna. Iska tana kaɗawa mai sanyi. Ƙasa ta buɗe a gabanmu, gero ya fara rufe kunya, ga gawo da aduwa jefi-jefi har iyakar ganin ido.

Mai gari ya nuna da sanda. "Wancan burtali ne. Ran Laraba daga nan muke ganin shanun da za a kai kasuwar Maigatari, tun kafin su iso mun san ko kasuwa za ta cika. Waccan gonar mahaifin wannan yaron ce. Daga ƙofar gidansa yana ganin akuyar da ta shiga masa wake." Ya juya ga baƙon. "Kai a Gumel da gidan sauro kake kwana?"

"Da shi, ranka ya daɗe, kuma ba na tsira."

"Mu ba mu san shi ba. Ruwa ba ya kwanta mana, bai taɓa cin katangar kowa ba. Hatsinmu yakan shekara uku a rumbu bai yi ɗanshi ba, shi ya sa lokacin fari ba mu watse kamar wasu ba. Ga makabarta can, iyayenmu duk suna ciki." Ya ɗaga sanda sama. "Ka ga hadarin can? Yana kan Maigatari yanzu. Kafin la'asar zai iso. Mutanen bakin hanya sai ya sauka a kansu suke sani. Mu kuwa matanmu har sun kwashe shanya. Wahalarmu ɗaya ce, ruwan sha. Shi muka roƙa."

Baƙon ya cire hularsa, ya daɗe tsaye iska tana dukansa. Ni kuma duk abin da aka nuna na san shi. A wannan wurin na yi kiwon tumaki, a nan muke tsayawa mu ga wanda zai fara hango watan sallah. Ban manta ba lokacin da nake rubutun. Na dai bar su a waje ne, don za su ɓata mini takarda.

Da yamma na sami mahaifina a zaure yana tufkar igiya. Na durƙusa a gefensa. Can ya ce, bai ɗago ba, "Wannan kalmar ta dabbobi, haka take a Turancin, ko baƙon ne ya ƙara?"

"Haka take, Baba."

Ya ce, "To." Ya ci gaba da tufkarsa.

A cikin gida mahaifiyata ta ajiye mini tuwo kamar kullum, da ruwa a ƙwarya. Na tsura wa ruwan ido. Ita ta hawo da shi tudun nan a kanta da safe. Ta ga na ƙi taɓawa, sai ta ce, "Sha mana. Jakin ya riga ya sha nasa." Ta shige ɗaki. Wannan maganar ta fi mini duk wani duka.

Washegari na je wurin mai gari na nemi gafara. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in ɗauko takarda. Ya faɗi sabon roƙon gyaran rijiyar, na rubuta da Hausa, kalma bayan kalma. Ba ta cika rabin shafi ba. Bayan azahar ya sa na tsaya a ƙofar masallaci na karanta wa jama'a. Wani tsoho mai nauyin ji ya ce in sake, na sake. Ina jin ba kunnensa ne ya hana shi ji ba.

A rani na biyu bayan haka ma'aikata suka zo suka ƙara wa rijiyar zurfi, suka ɗaure ta. Mutanen gari suka ci gaba da kawo mini wasiƙunsu, don ba su da wani. Sai dai shekaru da yawa ba wanda ya sake sa hannu a abin da na rubuta sai na karanta masa sau biyu. Mahaifina bai ƙara tayar da maganar ba har ya rasu, ni ma ban taɓa samun ƙarfin tayar da ita ba.

Na yi aiki a garuruwa da dama, da na ajiye aiki na dawo na yi gini kusa da gidanmu. Waɗanda suka zauna a gindin kanyar ran nan kusan duk sun tafi. Samarin yanzu sun ɗauke ni mai kishin gari tun asali, har sukan sa ni a gaba in za su je ofis da wata buƙata. Nakan bi su, amma nakan ce su rubuta abinsu da kansu.