Yadda Kawu Arzika Ya Ja Mini Wuta Gareji

Duk wanda ya san Kawu Arzika mai gyaran wuta a Dogon Dutsi ya san turnabis ɗinsa, wato sukudireba mai 'yar fitila da ke kamawa in akwai wuta a jikin abu. Ba ya taɓa ƙarfe sai ya dangwala masa shi tukuna. Ƙofar gida, famfon masallaci, har butar shayi! Ni ɗan ƙanwarsa ne, walda nake yi, kuma zan faɗi labarin garejina bi da bi.

Wani ɗan kasuwa na Dumega ya ba ni ƙofofi huɗu, aikina na farko. Ya ce in suka wuce mako biyu zai kai wa wani. Na roƙi Kawu ya jawo mini waya ɗaya daga kontar gida, wato mitar wuta, a wuce wurin.

"Kai Nomau, fitila za ka kunna ko injin walda?"

Na farko, lissafin nauyi. Ya karanta jikin injin walda, da kwampresa, da injin yankan ƙarfe, ya tara ampa ɗinsu a ƙasa da tsinke. Ya ce sai waya mai kauri. Na fito da siririyar da na saya. Ya juya ta, ya miƙa wa matata.

"Amarya, ga igiyar shanya. Mijinki ya yi miki sayayya."

Kwana biyar muka jira mai kaurin daga Doso.

Na biyu, tablo, akwatin da ke raba wuta. Kowane inji da nasa dijonkter, mai yanke wuta da kansa in nauyi ya yi yawa. Na ce babba ɗaya ya isa.

"Babba ɗaya? Kafin shi ya ji ɗumi, kai ka gasu!"

Na uku, wayar ƙasa. Ya haƙa rami bayan gareji, ya kafa sandar ƙarfe, ya zuba gawayi da gishiri, ya kwarara ruwa. Maƙwabcina Malam Sani, matashin mai shago da ba ya wasa da addini, ya leƙo ta katanga.

"Subhanallahi! Baba, doguwa kuke yi wa sadaka?"

"Ita hwa! Ba a ganinta, in ta kama mutum sai ya yi rawa. Nan nake so ta shige, ba jikin ɗana ba."

Washegari Kawu ya shiga shagon Malam Sani, ya dangwala wa firiji turnabis, fitilarsa ta kama. Kafin la'asar sai ga Malam da gishirinsa a ƙulle.

Wuta ta zo saura kwana uku wa'adin ƙofofi ya cika. Na kunna inji uku gaba ɗaya, ta ɗauke. Kawu ya ce kontar gida inji biyu kawai take ɗauka. Na ce to a zagaye tablon, a haɗa walda kai tsaye, na kwana uku kawai. Ya jawo kujera, ya zauna ƙarƙashin tablon da mahucinsa. Kwana uku! In zai fita salla sai ya sa wa akwatin kwaɗo. Ina aiki ina ƙunƙuni, shi kuwa yana ta cewa, "Kashe wancan, sannan ka kunna wannan."

Ranar ƙarshe mutumin Dumega ya iso da amalanke, fentin ƙofa ta huɗu bai ma bushe ba. Ya kwashe duka. Na ce, "Kawu, saura kaɗan ka sa in rasa aikin nan!"

Ko kallon ƙofofin bai yi ba. Ya kama hannuwana, ya ƙirga yatsuna ɗaya bayan ɗaya.

"Goma. To, ni nawa aikin ya yi."

Allah ya ji ƙan Kawu Arzika. Yadda ya tsare mu, Ubangiji ya tsare shi, ya sanyaya makwancinsa.