Kwamfuta ta farka, na'urar yatsa tana barci

"Baba, ƙara danna yatsan." Karo na nawa ke nan, ni kaina ban sani ba.

Ranar kasuwar Tsanyawa ce, ina yi wa manoma rajistar taki a shagona. Da aka kira Azahar na rufe kwamfutar don kar batir ya ƙare, tunda wuta sai dai labari. Na dawo na buɗe, ta farka garau. Na'urar ɗaukar zanen yatsa kuwa ko ƙyaftawa ba ta yi.

Ban lura ba, na ɗora laifin a kan Baba Ɗanjuma, dattijon da ya bar ciyawa tana cin gyaɗarsa ya hawo babur daga ƙauye. Na ce fartanya ce ta cinye zanen yatsansa. Ya wanke, ya goge da riga, har man gyaɗa aka shafa. Layi ya kai bakin titi, ana ta tsaki.

Sai can na zare wayar na'urar na mayar, nan take ta kawo haske. Ashe in kwamfuta ta yi barci takan yanke wa abin da aka jona mata wuta don tattalin batir, in ta tashi kuma ta manta da shi.

Na yi wa Baba bayani. Ya kalli yatsansa mai maiƙo ya ce, "Yaro, maigidan da ya tashi Asuba ya bar iyalinsa kwance, ai bai gama tashi ba."

Batirin da na tattala bai biya Baba yininsa ba. Don Allah, wa ya san inda ake kashe wannan tattalin banzan a cikin kwamfuta?