Shafin nawa ne, muryar ta kawu ce

Shekarun baya, ina zaman jiran aiki a Jega bayan na gama karatu, na buɗe shafi ina ɗora bidiyon barkwanci. Masu kallona ba su wuce abokaina ba, su ma rabinsu kunyata ce ke sa su yaba.

Wata rana mahaifiyata ta aike ni Karaye wajen yayanta, manomin albasa. Na tarar da kawu a bakin rumbu yana tsince ruɓaɓɓu, yana yi musu faɗa kamar 'ya'yan cikinsa. Ya ɗaga wata ya ce, "Dube ki. Na ba ki ruwa, na ba ki taki, sai da kinka ga kasuwa za ta tashi sannan kinka ruɓe." Na ɗauke shi a waya, na nuna masa, ya yi dariya ya ce in yi yadda nake so da shi. Na ɗora. Kafin sati ya zagayo, mutanen da ban taɓa jin sunan garinsu ba suna tambayar ina tsohon nan mai faɗa da albasa.

Daga nan duk mako ina kan babur zuwa Karaye. Ni ke ɗauka, ni ke yankawa, ni ke tsayuwa a rana bakin titin Maiyama ina neman sabis. Mabiya suka taru. Wani mai shagon taki a Aliero ya fara biyana ina liƙa tallarsa a ƙarshen bidiyo. Abin da ke shigowa, data da man babur ke cinye yawancinsa, amma ban taɓa zuwa wa kawu hannu rabbana ba: goro, sukari, har shadda da salla. A ganina babu wanda ya kai ni adalci.

Akwai wata malamar firamare a ƙauyen, Kirista ce da aiki ya kawo ta daga nesa, tana sayen albasa wajensa. Ita ce ta gaya masa, da zuciya ɗaya, cewa har ƙanwarta a Jos tana kallonsa, kuma masu mabiya irin nasa biyansu ake yi.

Zuwana na gaba na saita waya, kawu ya zauna ya harɗe hannu.

Na ce, "Kawu, bismilla."

Ya ce, "Yau albasa ba ta yi man laihi ba."

Na fara bayanin tsadar data. Ya katse ni. "Ba kuɗɗi ɗai ba ne. Wani ya tare ni kasuwar Aliero, ya ce ya sayi wani taki sabili da ni. Ni ban taɓa zuba wanga taki gonata ba. Wa ya ce maka bakina na haya ne?"

Raina ya ɓaci. Na ce masa shafin da sunana yake, da lambata aka buɗe, kalmar sirrin ma ni kaɗai na san ta. Ya dube ni ya ce, "To ɗauki kalmar sirrin taka bidiyo."

Na kai ƙara wajen mahaifiyata ina zaton zan samu mai goya min baya. Ko ɗagowa ba ta yi daga tankaɗen da take yi ba. Ta ce, "Wanda ya goye ni a bayansa kake yi wa lissafin man babur?"

Sai na hau dokin zuciya. Na sayo albasa, na zauna gaban waya ina yi wa albasar faɗa da kaina, na ɗora. Amsar farko da aka rubuta ita ce, "Malam, lafiya kuwa?" Na nemo wani dattijo a unguwarmu, yana ganin waya ya miƙe ƙiƙam ya fara gaida gwamnati. Mai shagon taki ya daina ɗaukar kirana.

Ashe kawu bai zauna ba. Malamar ta buɗe masa shafi da lambarsa, ya jingina waya a jikin buhu yana abinsa. Hoton a karkace, rabin kansa a waje, akuya na kuka a baya. Ni da na iya aikin ina kallo ina cizon yatsa, mabiyana kuwa suna ta zarewa suna komawa can. Masu talla suka koma zuwa Karaye da ƙafarsu, su zauna a tabarma su jira ya dawo daga gona. Wanda bai yarda da kayansa ba, ya ba shi ruwa ya sha, ya sallame shi.

Da damina ta wuce na saukar da kai na koma. Bai yi min gori ba. Cewa ya yi hoton nasa na buƙatar gyara, in zan iya, zai riƙa biyana a kan kowane aiki. Haka muke har yau.

Na daɗe ina ganin wanda ke riƙe da waya shi ne mai iko. Ashe mutane abin da suke so suke bi, kuma abin da suke so yana maƙogwaron kawu, ba a aljihuna ba. Na gane wannan, amma ba zan ce muku ya daina yi min ciwo ba. Makon jiya na ɓata yini ina tsaftace masa bidiyo, na cire duk inda ya yi tari. Ya kalla har ƙarshe, ya miƙo min wayar ya ce, "Mai da tarina. Mutane na son shi."

Na mayar. Kuma bidiyon aka fi kallo a watan nan.