Bindigar Kofur Bawa

Zuru, Talata

Ƙarfe biyar da rabi na asuba muka bar Zuru a jif ɗin ofishin dabbobi, ni da direbanmu Kofur Bawa, tsohon soja. Watana uku ke nan da kama aikin malamin dabbobi. A cinyata akwai fulas cike da ƙanƙara da kwalaben allurar bushiya, domin wannan ciwon shanu ya ɓulla a rugagen Bena. Idan ƙanƙarar ta narke kafin mu isa, allurar ta zama ruwan banza.

Jiya da yamma muna wurin makaniki. Kuros na farfela ya ci, wato ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke juya sandar da ke tura ƙafafun baya. Makaniki ya fito da guda biyu: ɗaya rufaffe, da giris ɗinsa a ciki tun daga Turai, ɗaya kuma mai ɗan nono inda ake ɗura masa. Ni rufaffen ya burge ni, don ba ya son hidima. Kofur ya girgiza kai.

"Malam, wannan na titin birni na. In ruwa ya shige shi, wa ka hidda shi? Mai nono kau, kowane rahi muka wuce, in harbe shi sau biyu, ya amayo ruwa da yashi."

Na ɗauka bakin soja ne kawai. Aka dai ɗaura mai nonon. Da za mu rabu ya ce in ɗauko masa bindigarsa, tana cikin buhu a sito. Na ce a raina: Bindiga a motar gwamnati, ba lasin! Na taɓa buhun na ji ƙarfe mai tsawo, na tura shi bayan ƙofa. Da asuba ya tambaya, na ce komai na mota.

Dabai

Shida saura muka iso. Wani ɗan doka ya leƙa, ya ga fulas, ya ɗaga mana hannu. Har yaba wa kaina na yi a zuci, wai na cece mu daga ɗauri. Muka sayi ƙosan kwabo biyu muka wuce.

Hanyar Kanya

Damina ta ƙare amma rafuka ba su janye ba. Wajen tara muka tsallake na farko, ruwa har ƙofa. Kofur ya tsaya, ya shimfiɗa tabarma ƙarƙashin mota, ya miƙo hannu.

"Malam, bindiga."

Na ce na baro ta, saboda 'yan doka. Ya fito daga ƙarƙashin motar ya zauna a ƙasa yana kallona.

"Ta giris ɗin ka baro?"

Sai da na nemi dutse na zauna. Ban taɓa jin cewa giris na da bindiga ba. Ya gwada tura shi da yatsa, nonon ya ƙi karɓa. Komawa kuma awa uku ne, ƙanƙara ba za ta jira ba. Muka ci gaba.

Bayan rafi na uku ƙarƙashin mota ya fara kuka kamar ɓera. Ƙarfe sha ɗaya da kwata muka ji ƙara, sanda ta bugi ƙasa. Kofur ya kwance ta, muka tafi da ƙafafun gaba kaɗai, su kuwa suka kasa hawa gangaren rafi na gaba. Sai la'asar manoma suka turo mu Kanya. Mai gari ya sauke mu a zaurensa, aka kawo tuwon dawa da miyar yakuwa. Na girgiza fulas, na ji ruwa yana motsi. Tuwon bai ciwu ba.

Bena, Laraba

Da hantsi muka isa. Ardo Jabbi, dattijon da ya aiko neman allurar, ya tara shanu tun jiya, an ɗaure 'yan maruƙa layi guda. Shaiɗan ya raɗa mini in yi allurar hakanan, wa zai sani? Na buɗe fulas a gabansa, na gaya masa maganin ya mutu.

Ya tsoma yatsa a ruwan, ya ji shi da ɗumi.

"Yaushe za ka dawo, Malam?"

Na ce kwana shida.

Ya juya ya dubi maruƙan. "To. Waɗanda suka jira ka, ka yi musu."

Zuru, Juma'a

Ƙarfe huɗu muka shigo gida lafiya, godiya ga Allah, da mutanen Kanya, da Kofur Bawa. Da Baturen dabbobi, shugaban ofishinmu, ya tambaye shi abin da ya faru, cewa ya yi shi ne ya zaɓi mai nono, ya karye. Bai ƙara kalma ba.

Na wuce sito na kwance bakin buhun. Wani abu ne kamar famfon keke, duk ya yi baƙi da maiƙo. Ɗaurin buhun ma ɗaya ne tak.

Da muka koma Bena, layin maruƙan bai kai rabi ba.