Ɗanladi Fita da Injinan Masaƙa

A bayan kasuwar Tarauni akwai wata rumfar kwano da ba ta da allon suna, amma duk wanda injinsa ya ƙi tashi daga Unguwar Gano har Hotoro ya san hanyarta. Mai rumfar shi ne Malam Ɗanladi, wanda ake wa laƙabi da Fita. Dattijo ne dogo, marar yawan magana, kunnensa na hagu ya yi nauyi, don haka in za ka yi masa bayani sai ya ɗan karkato da kai.

Daga wani ƙauye a ƙasar Garko ya shigo Kano yana da shekara goma sha bakwai. Kawunsa mai gadi ne a wata masaƙa a Sharaɗa, shi ya ji ana ɗaukar masu koyon gyaran inji ya kai sunansa. Su goma sha biyu aka ɗauka, aka danƙa su ga babban fita na kamfanin, wato shugaban masu gyaran inji, Malam Zakariyya.

Wata shida na farko ba a bar Ɗanladi ya taɓa injin saƙa ba. Guntun ƙarfe aka ba shi da magagari, aka ce ya goge shi har kusurwoyinsa su daidaita. Ya goge, ya kai. Malam Zakariyya ya ɗaga ƙarfen ya duba a haske, ya miƙo masa wani sabo.

"Malam, ni fa gyaran inji na zo koya," in ji Ɗanladi rannan da abin ya ishe shi.

"Shi kake koya. Hannun da bai san halin ƙarfe ba, in na sake shi a cikin inji ɓarna zai yi mini. Koma."

Ya koma. Biyar daga cikin abokansa suka gudu kafin shekara. Shi ya yi shekara huɗu cur, safe a aji ana koya musu karanta zanen inji, yamma a ɗakin saƙa. Malam Zakariyya ya koya masa ya ɗora bakin sukudireba a jikin inji, ya kafa kunne a ƙotar, ya faɗi abin da ke ciwo tun kafin a kwance noti ɗaya. Ranar da ya ci gwajin sana'a aka ba shi layin inji ashirin da huɗu, aka ce su ne amanarsa.

Shekara ashirin da ɗaya ya yi a kan layin nan. Ya kama ɗaki a Gyadi-Gyadi, ya auri Saratu, suka haifi 'ya'ya biyar. Kullum da sassafe zai hau kekensa ya bi ayarin ma'aikata, ya isa kafin a busa jiniya. In injinan suka tashi gaba ɗaya ƙasa har rawa take yi, mutum ba ya jin maganar na kusa da shi sai da hannu. Can kunnensa ya tafi, kuma bai taɓa yin da-na-sani ba. Yakan ce duk atamfar da ya gani a jikin mace a hanya, yana iya gane ko daga layinsa ta fito.

Sai abubuwa suka fara lalacewa. Wuta ta zama sai an gan ta, baƙin mai ya yi tsada, yadin waje ya cika kasuwa. Aka rage aiki zuwa kwana uku a mako. Wata Litinin suka iso suka tarar da kwaɗo a ƙofa da takarda a manne.

Maƙwabcinsa Shehu, wanda akawu ne a ofishin kamfanin, ya yi shekara biyu yana yawo da takardunsa daga ofis zuwa ofis, daga baya ya koma garinsu. Ɗanladi kuwa mako uku kawai ya yi a zaune. Wata mata a layinsu injin markaɗenta ya tsaya, Saratu ta ce mata, "Kawo wa maigidan ya duba, zaman ya ishe shi." Ya gyara kafin azahar. Daga nan sai janareta, sai injin jan ruwa, sai keken surfani na teloli. Wani ƙaramin asibiti kusa da asibitin koyarwa ya kira shi kan injin wankinsu da aka ce sai an kawo mai gyara daga Legas, ya kwance shi ya mayar a yini biyu. Da wannan hannun ya kafa rumfarsa, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, ɗaya kuma ta zama ma'aikaciyar jinya.

Mutane suna cewa Allah ya rufa masa asiri, shi ma yana godiya. Amma Saratu ta san akwai abin da bai warke ba. In ya dawo ta tambaye shi aiki, sai ya ce, "Alhamdu lillahi. Wanda ya saba jinyar raƙumi ne aka ce ya duba kaji." Wani lokaci in ya tashi kai gyara Sabuwar Gandu sai ya zarce Sharaɗa ba gaira ba dalili, ya tsaya a bakin katangar masaƙar ya leƙa, ya juyo.

Bara da damina wani dillalin tsofaffin ƙarafa, Alhaji Abba, ya zo rumfar.

"Malam, an ce kai ka san injinan tsohuwar masaƙar nan. Na saye su. Ina son wanda zai kwance mini."

"Wa zai saƙa da su?"

"Saƙa kuma? Narkarwa za a yi."

Ɗanladi ya ce a nemi wani. Ya koma gida bai ci abincin kirki ba. Saratu ta ce, "In ba ka je ba, wuta za su sa su yanka su kamar ba su da mai su. Gara kai." Washegari ya ɗauki akwatin sufanunsa.

Rufin ɗakin saƙar ya ɓule, tattabaru sun yi gida a kan ƙarafan sama, ciyawa ta tsiro ta tagogi. Ya taka har layinsa. Ya tsaya gaban inji na goma sha huɗu, wanda ya fi ba shi wahala a zamaninsa, ya share ƙura da hannun riga, ya kama ƙafar juyawa ya murɗa. Injin ya yi ƙara kaɗan, ya motsa.

"Alhaji, wallahi wannan da ransa. Wata guda ka ba ni, zan tayar maka da goma."

"Na yarda, Malam. To wa zai saya? Na yi cigiya har Kaduna."

Ɗanladi ya buɗe akwatin sufanunsa. Ya hana a kunna wutar yanka. Kwana tara ya yi yana kwance su da sufana, ɗaya bayan ɗaya, yana jera kayan kowane inji wuri guda kamar gobe za a mayar. Masu lodi suka zo suka watsa su cikin mota a cakuɗe.

Ranar Juma'a bayan an sauko ya tafi Hotoro gidan Malam Zakariyya, wanda tsufa ya kama, ido ya tafi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗa masa komai. Tsohon ya juyo da fuska wajensa.

"Kai ka kwance su da hannunka?"

"Ni ne, Malam."

"Akwai notin da ya ƙi fita?"

"Ko ɗaya. Shekara goma sha bakwai a rufe, amma kamar jiya aka ɗaure."

"To, mun yi aiki," in ji tsohon. Ya lalubo hannun Ɗanladi ya riƙe, yana shafa kantar tafin da babban yatsansa, bai saki ba har aka kawo ruwa.

Yanzu Talata da Alhamis Ɗanladi yana rufe rumfa da hantsi ya tafi wata cibiyar koyon sana'a a Gyadi-Gyadi, inda aka roƙe shi ya riƙa koyarwa. Ɗalibansa manya ne, da masu tuƙa adaidaita sahu da waɗanda suka gama digirin injiniya ba su taɓa riƙe sufana ba. Yana koya musu injin ruwa da janareta, wasunsu har sun buɗe nasu wuraren. Rannan wata ɗaliba ta tambaye shi yadda injin saƙa yake aiki. Ya ɗauki alli ya fara zanawa, ya cika allon, ya goge gefe ya ci gaba. Lokacin tashi ya wuce bai sani ba. Da ya juyo zai kwatanta musu ƙarar da ɗakin saƙar yake yi, ya buɗe baki, ya rasa da me zai kwatanta ta, sai ya ce su tafi, sai Alhamis.